A Yi Haƙuri, A Ƙara Kaɗan

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka raba mana takardar shaida a ajin yaƙi da jahilci, kuma ko na so in manta, 'yan kabu-kabun Bodinga ba za su bar ni ba. Shekaruna hamsin da ɗoriya a lokacin. Sarin albasa nake yi, ina da matata Kulu, da 'ya'ya bakwai, da teɓa wadda take riga ni shiga masallaci.

Ban taɓa ɗaukar teɓar nan a matsayin ciwo ba. A wajenmu idan mutum ya yi jiki sai a ce kasuwa ta karɓe shi. Kuma akwai wata magana da ta zauna a bakina tun ina saurayi: "A yi haƙuri, a ƙara kaɗan." Ita nake gaya wa manoman Danchadi idan suna cika mini buhu, ita nake gaya wa Kulu idan tana zuba miya, ita nake gaya wa malamin ajinmu, Malam Bello, idan ya yi bayani ban gane ba. Duk wanda ya san ni ya san ta. (Ka riƙe wannan, za mu dawo kanta.)

Wata rana a fadama jiri ya kwashe ni, na zube tsakanin buhuna. Aka kai ni ƙaramin asibitin garinmu wajen Malam Nasiru, ma'aikacin lafiya. Ya ɗaura mini abin gwajin jini a damtse, ya duba, ya sake ɗaurawa. Ya ce in hau sikeli. Allurar ta zagaya har ta kusa komawa inda ta fito.

Ya ce, "Alhaji, jininka ya hau, suga ma yana leƙowa. Kitse, gishiri, shayi mai cokali huɗu, duk a aje su. Kuma kullum bayan La'asar ka yi tafiyar ƙafa har ka yi gumi."

Kulu tana tsaye a bakin ƙofa tana ji. Daga ranar man gyaɗa ya yi ƙaura daga tukunyata. Zogale, rama, tuwo ɗan mitsitsi kamar na mai jego da aka yi wa rowa. Ita ma ta daina cin mai, wai don kada ƙamshi ya dame ni.

Wallahi kwana uku na farko na yi tafiyar da gaske. Sai dai shi Malam Nasiru bai yi lissafi da mutanen garinmu ba. A nan dattijo mai babbar riga ba ya tafiya a ƙasa a bakin titi a ƙyale shi. Kafin in yi taku ɗari, babur biyar sun tsaya.

"Alhaji lahiya? Mashin ɗin na yaɓ ɓaci?"

"A'a, motsa jiki nikai."

"Subhanallahi! Hau in kai ka inda za ka motsa shi."

Rana ta uku wani dattijo abokin mahaifina ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ce in dai kasuwa ce ta juya mini baya kada in ji kunyarsa. Rana ta huɗu gwiwoyina suna kuka, wani ɗan kabu-kabu ya tsaya, na ce a raina ƙin karɓar alheri ma ai rashin ladabi ne. Na hau. Ya ce, "Ina munka nuhwa?" Kafin in yi tunani bakina ya ce, "Shagari."

A Shagari akwai wani mai balangu, Mamman, da na sani tun ina kai albasa can. Babu mai tozo irin nasa. Na zaɓi Shagari ne saboda babu wanda ya san Kulu a can. Na roƙe shi ya riƙa shimfiɗa mini tabarma bayan zanarsa, kuma kada kowa ya ji. Idan na gama sai in ɗauki butarsa in yayyafa ruwa a goshi da wuyan riga. In hau babur, a sauke ni a bayan gari, in ƙarasa gida ina haki. (Hakin kam na gaskiya ne.)

A daidai lokacin ne Malam Bello ya ba mu aiki: kowa ya riƙa rubuta layi uku kullum a kan rayuwarsa. Ni da na yi shekara biyu ina fama da baƙi da wasali, sai na gano wani abu da ba a koya mana ba, wato takarda ba ta musu. Na rubuta, "Yau na yi tafiya da ƙafa. Na ci zogale. Na sha ruwa." Takarda ta karɓa. Gobe ma haka. Har na fara ƙawatawa, ina sa sunayen ƙauyukan da na wuce da tsuntsayen da na gani.

Kulu ta yi firamare, saboda haka ita ke duba mini. Takan karanta tana murmushi. Ƙanwarta ta taɓa cewa, "Yaya, anya Alhaji na rage jiki kuwa?" Kulu ta ɗauko littafin ta ce, "Ke, ga shi a rubuce."

Bayan wata uku na koma asibiti. Na hau sikeli, allura ta wuce inda ta tsaya a da. Malam Nasiru ya sake duba allurar. Kulu ta miƙa masa littafina, ya karanta shafi bayan shafi, fuskarsa tana canzawa.

Ya ce, "Mutum shi yi wanga ƙoƙari duka, jiki shi ƙaru? Akwai abin da ban gani ba. Ina tsoron ko ruwa na ka taruwa a jiki, ko ƙoda, ko zuciya."

Ya rubuta takardar tura ni babban asibiti a Sakkwato, ya ce mu je ranar Litinin ta sama. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, na dubi Kulu, na rufe. Daga ranar ta shiga azumin nafila. Ina jin ta a kan sallaya tana ambaton sunana. Kullum sai in ce gobe zan gaya mata. Goben nan ta yi ta gudu har Asabar ta zo.

An kafa rumfa a filin makarantar firamare, da lasifika, da kujerun manyan baƙi, mata a gefe guda, Kulu a layin gaba. An haɗa ajinmu da na Shagari, kowane aji ya fitar da mutum ɗaya da zai karanta abin da ya rubuta da hannunsa. Ni aka zaɓa a namu, kuma Malam Bello ya gayyato Malam Nasiru musamman, tunda rubutuna a kan kiwon lafiya ne.

Aka nuna mini bencin masu karatu. Ina zuwa na ga mutum zaune cikin sabon yadi, da littafi a cinya, yana ƙamshin yaji da hayaƙi.

"Alhaji! Kai ma boko kakai? Ka gani, ko wane ɓoye nashi shikai!"

Mamman ne. Na zauna a hankali na ce, "Mamman, mi za ka karantawa?"

"Labarin babban abokin cinikina. Malam yac ce kowa shi rubuta mutumin da shika ƙauna." Ya dafa gwiwata. "Kwantar da hankalinka, ban sa suna ba. Ni mai riƙon amana na."

Na ce ya taimake ni ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Ya ce surukansa sun zo tun daga Mandera don su ji shi. Na ce to ya karanta wani shafin. Ya ce wannan kaɗai ya yi wata guda yana maimaitawa. Ina cikin lallashi na ji an kira ni.

Ban san yadda na karanta nawa ba. Na dai ji muryata a lasifika tana cewa, "Ni mutum ne mai son tafiya da ƙafa. Na bar kitse. Zogale abokina ne." Gumi yana zuba, karo na farko a wata uku ba na buta ba. Aka yi tafi, wata mata ta rangaɗa guɗa. Malam Nasiru ya miƙe ya ce jama'a su yi koyi da ni, su kuma sa ni a addu'a domin jibi za a kai ni Sakkwato. Na hango Kulu tana share ido da gefen hijabi.

Sai Mamman ya tashi. Ka san karatun sabon shiga, gaɓa-gaɓa yake tafiya da yatsa a kan layi. Abin da zai ƙare a minti ɗaya, sai da ya yanka ni da shi a hankali.

"Ina da a-bo-kin ciniki. Mutumin kirki na. Kullum bayan La'asar shina zuwa bisa kabu-kabu. Ba shi son tsoka. To-zo shika so."

Aka fara dariya. Ni ma na yi, don kada a ga ban yi ba.

"Shina zama bayan zana. Ya ce kada i-ya-li-nai su sani, don likita ya hana shi."

Dariya ta ƙaru. Malam Nasiru yana girgiza kai yana cewa, "Kun ji irin su ko?" Har ya waiwayo ya dube ni, irin duban nan na mu da muka san daidai.

"In ya ƙare sai shi ɗauki buta, shi sa ruwa ga goshi, don a ce gu-mi na."

Nan fili ya ruɗe. Wakilin hakimi ya rufe baki da hannun riga. Na saci kallon gefen mata. Kowa na dariya, ban da Kulu. Ta ɗan karkata kai, kamar mai ƙoƙarin tuna inda ta ajiye wani abu. Na ce a raina, ya Allah, layi ɗaya ya rage, ka fitar da ni.

Sai Mamman ya tsaya. Ya kai littafin kusa da ido, ya nisanta shi. Maiƙo ya taɓa layin ƙarshe, tawada ta baje. Surukansa suka fara motsi. Ya juyo, idonsa kamar na ɗan akuyar da aka kai kasuwa.

"Alhaji, kai ag gwani. Taimaka mini, mi nir rubuta nan?"

Malam Bello ya ce, "Madalla! Ɗalibi shi taimaki ɗalibi. Taso, Alhaji." Mai lasifika ya kawo ta daidai bakina.

Na duba layin. Na gane shi tun kafin in haɗa baƙaƙen. Zan iya cewa ban gani ba. Zan iya ƙirƙiro wani abu, amma Mamman zai ce ba haka ba ne, kuma ga Malam Bello a kafaɗata yana leƙe. Ga mutum yana shirin jin kunya gaban surukansa saboda ya rubuta yana ƙaunata. Ga Kulu da azumi a bakinta. Na ja numfashi na karanta, da muryar da duk Bodinga ta sani:

"Kullum in na yanka mai, sai shi ce: a yi haƙuri, a ƙara kaɗan."

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Mutanen Shagari ba su gane ba, suna jiran ci gaba. Mutanenmu kuwa kai ya fara juyowa ɗaya bayan ɗaya. Can daga baya wani manomin Danchadi ya ce, "La ilaha illallahu! Alhaji na!" Sai rumfa ta fashe. Mamman yana ta rantsuwa a lasifika, "Wallahi ban hwaɗi suna ba! Ku shaida ban hwaɗi ba!"

Haka na karɓi takardar shaidata, kaina a ƙasa. Malam Nasiru ya tare ni kafin in sulale. Na zaci faɗa zai yi, sai na ga ya sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi. Kwana nawa ina tunanin ƙodarka, ashe tozo na. Litinin ka zo wurina, mu sake sabon lissahi. Da ƙahwa za ka zo."

A gida na sami Kulu zaune a tsakar gida da littafina a hannu. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, "Alhaji, tsuntsayen nan da kar rubuta, bisa mashin kag gane su?"

Na ce, "Kulu, a yi haƙuri..."

"Kada ka ƙarasa."

Ta ce wata uku tana cin lami saboda ni, kwana goma tana zaton takaba ce ke jiranta. Sai hawaye, sai kuma dariya ta ƙwace mata, ta haɗa su biyun. Da Magariba ta yi ta sha ruwa da soyayyen ƙwai mai iyo a cikin mai, a gabana, ni kuma aka turo mini zogale. Ban ce a ƙara ba.

Yanzu wata bakwai ke nan ina tafiyar da gaske, kuma mazagin wandona ya fara samun rara. Matsalar masu tsayawa ta ƙare, domin babu ɗan kabu-kabun da zai ɗauke ni bayan La'asar. Sai dai su rage gudu, su yi mini hon, su ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a ƙara kaɗan!" Ni kuwa in ɗaga hannu in ƙara taku.

Abin da na koya shi ne, takarda za ta karɓi duk ƙaryar da ka ba ta, sikeli ne ba ya karɓa. Kuma idan har za ka ci tozo a ɓoye, ka fara tambayar mai naman ko shi ma ya shiga makaranta.