Sunan da Ya Ƙi Goguwa

"Lafiya ƙalau na kwana, ganin ki ne dai ya ɓata min safiya," in ji Baba Fenta. Ko kai bai ɗaga ba daga gwangwanin kananzir ɗin da yake wanke burushi a ciki.

"Ni ma ba don Allah na gaishe ka ba, Ango. Leƙowa na yi in ga ko kana numfashi."

Jikarsa ce, wadda tun tana rarrafe yake kira Amarya. Shi kuwa shekara talatin da biyu ya yi yana rubuta wa kamfanin jirgin ƙasa suna a jikin taragu da bangon tashoshi, kafin a sallame shi da agogon bango wanda bai taɓa motsi ba. Yanzu kamfanin ya ja sabon layi zuwa garuruwa shida, ya sake suna, ya sake launi, ya kuma ɗauki Amarya aiki, tana cikin watannin gwaji. Tsohon bai ƙi layin ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne rigar da ta shigo masa ɗaki da ita, ruwan lemo, da wani tsuntsu a ƙirji.

"Wannan fa? Shara aka ɗauke ki ko kashe gobara?"

"Sabon launin kamfani ne, baƙauye."

"Da zakara a ƙirji?"

"Shaho ne! Alamar sauri."

"Sauri! Jirgin da akuya ke rakawa har ta gaji ta wuce shi? A sa kunkuru mana, kowa ya huta da ƙarya."

"Naku ne akuya ke rakawa. An ce a zamaninku mace kan shiga da ciki ta sauka da goyo."

"Ta dai sauka lafiya, kuma ta san sunan abin da ya ɗauko ta. Naku fa? Haruffa huɗu cunkushe, in mutum ya faɗa sai a miƙo masa ruwa a ce ya ƙware."

"Tsohon sunan ma in ka fara faɗa a tasha ɗaya, sai a ta gaba kake ƙarasawa."

"Suna ke nan na masu mutunci. Kun ja layi, madalla. Amma a ce an tara ƙarti masu ƙaton ciki wata tara a ɗaki mai sanyi, abin da suka haifa zakara ne? Tir!"

Ya jira ta rama, ba ta rama ba. Ta ja durom ɗin fenti ta zauna tana murza bakin rigar. Nan ya ajiye burushin, don Amarya ba ta yin shiru sai da dalili.

"Wa ya mutu?"

"Ni, jibi. Bangon tashar nan ne, Ango. Ni aka ɗora wa. Jibi manya za su zo buɗe sabon layi, kuma daidai gabansa za su tsaya. Sau uku masu fenti suna shafe tsohon sunan, sau uku yana fitowa. Da rana ta karkata sai a karanta shi tsaf, ya yi tudu a ƙarƙashin sabon fenti. Ledar sabon sunan ma ta ƙi manne a kai. Shugabanmu ya ce in jibi ta yi sunan nan yana nan, in ajiye musu rigarsu."

Wayyo daɗi! Tsohon nan ya kwashe da dariya har tari ya sarƙe shi, yana dukan cinya. Duk abin da ya rubuta a duniya an shafe, taragun an sayar wa masu gwangwan, allunan sun zama murfin kaji. Bangon nan kaɗai ya rage masa, ga shi kuma yana kokawa da kamfani guda yana kayar da shi.

"Leda!" ya ce yana share hawaye. "Sunan kamfanin ƙasa guda a leda, kamar za a ƙulla gishiri. Ku ƙara shafi na huɗu mana. Ku kira zakaran ya tone shi."

"Ka gama? To faɗa min abin da ka zuba a fentin."

"Kitsen zaki da hawayen fasinja."

"Ango!"

"Da gashin bakin wani tsohon direba. Ya rasu, ba a samun irinsa."

"Wallahi in aka kore ni nan zan tare. In cinye maka abinci, in sayar da burusan nan, in auri mai haƙora."

"Wa zai kwashe ki? Ni ma tausayi ne ya sa na rufa miki asiri."

"Tausayin kanka dai. Dubi ƙeyarka, ko ƙuda ya sauka sai santsi ya kwashe shi." Ta matso da durom ɗin. "Ni abin da ya ɗaure min kai, injiniya ya sa ƙusa ya ce kaurin haruffan ya kai yatsa. Kuma shekararka goma sha ɗaya da barin aiki, amma wai fentin da ya tarar kamar na bara."

"Na bara ne."

Bakinsa ne ya riga shi. Ya so ya mayar da maganar, ina, ta fita. Amarya ta zuba masa ido, dole ya ƙarasa.

"Ba abin da na zuba. Duk shekara in ruwa ya ɗauke nakan bi kan haruffan in sake shafawa. Shafi arba'in da uku ke nan, ɗaya kan ɗaya."

"Har bayan ka bar aiki? Wa ya sa ka?"

"Wa zai sa ni? In ɗauki tsanina da safe in tafi. Maigadi har gobe ya ɗauka ma'aikaci ne ni, har sara min yake. Kamfanin da bai san mai yi masa fenti ba, wai shi ne zai sake suna!" Ya juya burushin a hannu. "Kakarki ce takan ce in rubutun ya koɗe, masu wucewa za su ce mai shi ya mutu. Da ta rasu sai na kasa bari."

Amarya ta sunkuyar da kai. Can ta miƙe tana karkaɗe riga.

"Bar shi kawai. Zan ce musu ya gagara. Aiki ai ba shi kaɗai ba ne a duniya."

Ya dube ta. Ya san takardun neman aiki nawa yarinyar nan ta rubuta a kan wannan durom ɗin, shekara uku cur, kafin a kira ta. Zuciyarsa ta yi masa zafi ƙwarai, don yana son bangon nan. Ya ja tsaki mai tsawo.

"Dawo nan, sarauniyar wawaye. Bango ne ke kawo min shayi da safe? Bango ne ke zagina in ji daɗi?"

Ya jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado, ya zaro wata faffaɗar wuƙar kankare fenti, ƙotarta ta yi baƙi saboda riƙo.

"Ba a binne irin wannan, ɗaga shi ake yi. A gasa shi da wutar gas har ya yi laushi, a zura wannan ta ƙasa, harafi zai ɓallo sukutum kamar ɓawon ayaba. Kafin la'asar an gama, ku manna ledarku."

Ta miƙo hannu, ya janye wuƙar.

"A'a. Waɗancan masu shafe-shafen ba za su taɓa min shi ba. Ni na ɗora, ni zan sauke."

"Da wannan gwiwar taka mai kuka kamar tsohuwar ƙofa?"

"Da ita na hau bara."

"To harafin farko nawa ne. A ɗakina zan rataye shi, sama da rigar shahon."

"Zakara dai."

"Zakaran," ta ce.

Baba Fenta ya yi dariya, ya soke wuƙar a aljihu, ya nuna mata tsanin da ke jingine a bayan ƙofa.

"Ɗauki mu je. Kuma ki riƙe shi da kyau, Amarya. In na faɗo, kin rasa aiki kin rasa miji rana ɗaya."