Yadda Za Ka Wanke wa Ɗanka Tawul ɗin Goge Mota Ba Tare da Ya Roƙe Ka Ba

Kai uba, matso kusa. In kana da ɗa mai sana'a, kuma zuciyarka na ta raɗa maka cewa ba zai kai labari ba sai ka sa masa hannu, to ka zo gidan magani. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bi da bi, kafin rana ta faɗi za ka mayar da tawul mai laushin kunnen jariri ya koma kamar kilishin bara. Hanya ce gwadaddiya. An gwada ta a kan wani bawan Allah manomi a nan Kankiya, Malam Abdulbaƙi. Kada ka tambaye ni yadda aka yi na san abin da ke cikin ransa. Unguwarmu ɗaya, hularmu iri ɗaya, shi ke nan.

Mataki na ɗaya: Ka samu ɗa mai jaka a ɗaure

Ba a yin wannan aiki da kwanciyar hankali, sai da fargaba. Ɗan Malam Abdulbaƙi, Zahradeen, ya gama sakandare ya zauna har zama ya gaji da shi. Abokansa sun tafi haƙar zinari can ƙetaren hamada. Ɗaya yana aiko hotuna, ɗaya kuwa ko labarinsa babu. Da ƙyar aka lallashi Zahradeen ya buɗe wurin wankin mota a bakin titin Kano zuwa Katsina, da bokiti da tiyo da wasu tawul-tawul masu launi da ya zuba ɗan abin hannunsa a kansu.

Wata rana ya ce, "Baba, ranar Juma'a da safe Alhaji Ɗanmaliki zai kawo baƙar motarshi in wanke. In aikina ya yi mashi, zai riƙa turo mani motocin hayarshi duka. In bai yi ba, ni kam na gaji. Jakata na nan a ɗaure."

Daga ranar, kullum Malam Abdulbaƙi sai ya leƙa ƙarƙashin gadon yaron ya ga ko jakar ta ƙara kumburi. Kai ma ka yi haka. Yana ƙara wa mutum basira.

Mataki na biyu: In yana bayani, ka riƙa gyaɗa kai

Ka fara da raina kayan. Ka ɗaga ɗaya da yatsa biyu ka ce, "Wannan tsumman ne ka sayo da tsada haka?"

"Ba tsumma ba ne, Baba," in ji Zahradeen. "Maikirofaiba sunanshi. Zarenshi ya fi gashi siranta, duk abin da ya taɓa sai ya kama ya riƙe. Shi ya sa yake ɗauke dauɗa bai ƙarji fenti ba. Ruwan sanyi yake so ko mai ɗan ɗumi, da ɗigon sabulun ruwa. Ba a haɗa shi da wasu kaya, ba a sa mashi mai ko turare, a inuwa ake shanya shi. Kuma don Allah kada wuta ta kusance shi."

Malam Abdulbaƙi ya ce, "To. To. Madalla." Ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Kunnensa na nan, amma hankalinsa na can cikin rairayi yana neman ɗansa da butar ruwa a hannu.

Abin lura: uban da ya saurari ɗansa har ƙarshen magana, me ya rage masa na uba?

Mataki na uku: Ka jira ya bar gari, ka ɗora ruwa

Ranar Alhamis yaron ya tafi Katsina sayo man da ake shafa wa mota ta yi sheƙi. Ya bar tawul ɗinsa a bokiti, zai wanke in ya dawo. Dama ta samu. Ka ce a ranka, yaro zai dawo a gajiye, bari in rage masa wahala.

Malam Abdulbaƙi ya hura wuta ya ɗora babbar tukunya. Matarsa Kulu ta fito daga ɗaki ta riƙe haɓa.

"Malam, halan haihuwa aka yi a gidan nan ban sani ba? Wannan ai ruwan wankan jego ne."

"Ke dai miƙo mani sabulun salo."

"Yaron nan fa ya ce a bar mashi kayanshi."

"Ni na haife shi ko shi ya haife ni? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"To Allah ya sa ba ƙasan rijiya kake hangowa ba," in ji Kulu, ta koma ɗaki.

Kada ka yi asarar ruwan zafi a kan 'yan ƙyallaye kawai. Ka jefa rigar gonarka da tsohon gwadonka su tafasa tare. Ka tsamo, ka buga a kan dutse kamar suna da laifi. Wurin ɗauraya ka ɗiga ɗan turaren mai, tunda an ce Alhaji mai son ƙamshi ne.

In ka yi daidai, za ka ga tawul ya kwashe duk gashin gwadon ya manna a jikinsa. Na Malam Abdulbaƙi ruwan ɗorawa ne suka shiga tukunya, suka fito da furfura kamar sun girmi mai wanke su.

Mataki na huɗu: Ka shanya a kan darni, ranar shiƙa

Igiya ta mata ce. Namiji a kan darni yake shanya, inda rana ta fi zafi. Ka tabbatar kaka ce, kuma maƙwabciya tana shiƙar gero a bayan darnin, iska na kaɗowa ta wajenka.

Maƙwabciyar Malam Abdulbaƙi, Adawiyya, har ta ɗaga murya: "Baban Zahradeen, ƙaiƙayi fa na zuwa wajenku!"

"Ba komai, yi aikinki. In sun bushe sai in kakkaɓe."

Ba sa kakkaɓuwa. An gaya maka tun a mataki na biyu, amma ba ka nan. Abin da aka ƙera don ya kama ƙura ya riƙe, ya samu ƙaiƙayin gero, ai ya samu abokin zama na har abada. In Allah ya taimake ka, iska za ta yar da ɗaya cikin ƙarangiya. Shi wannan ko taɓa shi ba za ka iya ba sai da salati.

Malam Abdulbaƙi ya san karin maganar nan ta ɗan hakin da ka raina. Yana yawan yi wa mutane ita.

Mataki na biyar: Abin da ya ƙi fita, a kwantar da shi

Yanzu kana da tawul mai furfura, mai ƙaiƙayi, mai ƙarangiya. Kada ka karaya. Akwai dutsen guga.

Ka cika shi da gawayi, ka fifita har ya yi ja. Ka ɗora. Za ka ji wari irin na ledar da aka jefa a murhu. Za ka ɗaga dutsen, tawul ya biyo shi. Mai hankali a nan yake tsayawa. Malam Abdulbaƙi kuwa ya duba ya ce, "Zafin ne bai daidaita ba," ya ɗauko na biyu. Haka ya yi ta daidaita zafi har tawul ya ƙare.

Ka ninke su kamar sabuwar shadda, wanda ya fi ƙonewa a ƙasa. Ka mayar cikin bokiti. In yaro ya dawo da yamma ya zube don gajiya bai duba ba, kada ka ce komai. Alherin da aka yi shelarsa ladansa raguwa yake.

Mataki na shida: Ka zauna kusa ka jira godiya

Juma'a da safe Malam Abdulbaƙi ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya gyara zaman hula. Zahradeen ya sa hannu a bokiti ya ɗago ɗaya. Tawul ya miƙe ƙyam bai ko lanƙwasa ba.

"Baba. Wa ya taɓa mani kaya?"

"Haba, ba sai ka gode ba. Ai aikin uba ne."

Yaron ya miƙe da tawul ɗin a hannu. Ya je wurin babur ɗin ubansa, ya ɗora tawul a kan tanki ya ja sau ɗaya. Sai ka ji ƙiii! Fenti ya yi layi-layi kamar inda kaza ta yi tono.

"Da a jikin motar Alhaji ne fa?" Muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya juya bokitin, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, babu na kirki. Katsina ta yi nisa a je a dawo, Alhaji kuwa yana hanya. Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Bai yi ba. Ya shiga ɗaki, sai ga ƙarar jaka ana jawo ta daga ƙarƙashin gado.

A nan ba ni da shawara. Malam Abdulbaƙi ya zauna yana kallon hannuwansa. Duk don yaron ya zauna ya yi abin da ya yi, ga shi da hannun nan ya ɗaure masa sauran kayan.

Mataki na bakwai: Ka kasance tun farko ka auri mace mai ɗauke-ɗauke

Wannan matakin shekaru da yawa kafin yau ake yinsa. In ba ka yi ba, sai haƙuri.

Kulu ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, hannu ɗaya a baya. "Kai Dini, fito. Amma kowa ya rantse ba zai yi magana ba."

Ta fito da tawul shuɗi, lafiyayye, mai laushi kamar ranar da aka sayo shi. Ashe tun ranar farko ta zare shi daga cikin kayan tana goge tangaran ɗinta da madubi. Da yake kayan sata ne, ba ta taɓa ɗora masa ruwan zafi ba kada a tambaye ta dalili. Da ruwan randa take ɗauraye shi, shi kaɗai, ta rataye a bayan labule inda rana ba ta gani.

"Inna! Shi ne nake ta nema, har na zargi Baba!"

"Kun ji ko?" in ji Malam Abdulbaƙi. "An zarge ni a kan wanda ban taɓa ba."

Zahradeen ya jujjuya tawul ɗin, ya girgiza kai. "Guda ɗaya ne, Inna. Sai in goga, in ɗauraye, in matse, in sake. Zan daɗe. Alhaji kuwa ba ya jira."

Kulu ta nuna mijinta da haɓa. "Ga ubanka nan. Ka taɓa ganin ya kama hannun mutum ya sake shi kafin azahar?"

Mataki na takwas: Ka yi abin da ka iya

Da Alhaji Ɗanmaliki ya fito daga mota a bakin titi, bai ida cewa "Yaro, sauri nake" ba, sai ya ji hannunsa cikin hannuwa biyu. Malam Abdulbaƙi ya ja shi zuwa benci a gindin bishiyar bedi, ya zaunar da shi bayansa na kallon motar.

"Ranka ya daɗe, ina kwana? Ina gajiya? Ina iyali? Yaya kaka? Yaya mutanen garinku Ƙofa? An samu gero kuwa bana?"

"Lafiya lau, Malam, alhamdu lillahi. Dama ina da..."

"Ai kakarka ta wurin uwa mutuniyar Kaikai ce ko? Tana lafiya?"

"Ta rasu tun ina yaro, Malam."

"Allahu akbar! Ka ga ban samu zuwa gaisuwa ba. Mu yi mata addu'a."

Aka ɗaga hannu aka shafa. Alhaji ya saci kallon agogo. Malam Abdulbaƙi ya tuno da wani kawun Alhaji na Kafinsoli da suka taɓa haɗa iyakar gona. Daga kawu aka gangara kan rijiyar kawu, daga rijiya aka koma kan wanda ya haƙa ta, shi ma ashe ya riga mu gidan gaskiya. Ta gefen ido yana hango ɗansa yana goga, yana ɗauraya, yana matsewa, gumi na zuba. Bakinsa ya bushe, dangin Alhaji sun kusa ƙarewa, har ya fara shirin shiga dangin matar Alhaji, sai ya ji, "Alhaji, an gama."

Alhaji ya ƙwaci hannunsa. Ya zagaya motar, ya shafa ta da yatsa, ya sunkuya ya gyara hularsa a jikin ƙofa kamar a madubi.

"Yaro, daga gobe ka saurari motocina. Amma da sharaɗi. Duk ranar da zan zo da kaina, ka gaya wa Malam na riga na gaisa."

Jakar nan ba ta ƙetare hamada ba. Zahradeen ya zazzage tufafinsa daga ciki, yanzu sababbin tawul yake ajiyewa a cikinta, ya sa mata ɗan kwaɗo, makullin na wuyansa. Ba uban ba, ba uwar ba. Har yau kullum safe Malam Abdulbaƙi yana leƙa ƙarƙashin gado. Ya ga kwaɗon da aka saya dominsa, ya ce alhamdu lillahi.

A kula

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin tawul da ya narke, ko tanki da ya ƙarzu, ko dutsen guga da har yanzu yake warin leda. In ka bi matakan nan alhali matarka ba ta ɗauke-ɗauke, ko Alhajinka ba shi da dangi da yawa, ruwanka. Mai ƙorafi ya same ni a gindin bedi a bakin titi, inda aka yarda in zauna muddin ban taɓa bokiti ba. Amma ya zo da lokaci a hannu, don sai mun gaisa tukuna.