Ranar da na juya mutum-mutumin roba alƙibla

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka buɗe gari bayan kullen korona ba. Wasu na tuna ta da komawa sahu a masallaci kafaɗa da kafaɗa, ni kuwa ina tuna ta da kunyar da na sha a gaban yaran da na haifi sa'o'insu.

Ni likita ne, kuma na tsufa a sashen agajin gaggawa. Amma kafin in zama likita ni ɗan unguwar Limancin Kona ne, a zauren mahaifina na tashi, har yau da ajami nake rubuta abin da ba na so in manta. A gidanmu idan mutum ya zo gargara mu ake kira, mu laƙƙana masa kalmar shahada, mu rufe masa ido. Hannuna ya saba da wannan tun kafin ya saba da allura.

A shekarar ne asibitinmu ya ce duk mai jagorantar sashen gaggawa sai ya yi kwas na farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Wanda ya faɗi jarrabawar kwas ɗin, a mayar da shi duba masu zazzaɓi da ciwon kai. Na tafi da girman kaina (ina cewa a raina, me za a koya mini wanda ban gani ba?).

Ina shiga na tarar mai koyarwar Hadiza ce, 'yar maƙwabcinmu, wadda ni na ɗora mata alif da ba a zaurenmu tana ƙarama, majina na zuba. Yanzu Dakta Hadiza ce, ƙwararriya. Ta rusuna ta gaishe ni, ta ce, "Malam, a gida kai ne malamina. A nan kuwa sai ka yi haƙuri da ni."

Ranar jarrabawa aka shimfiɗa mutum-mutumin roba a kan gado, wanda yaran suka laƙaba wa suna Alhaji Roba. Aka haɗa ni da ƙananan likitoci da nas, ni ne jagora. Hadiza ta ce, "Saurayi ne, ya faɗo daga babur, ƙirjinsa ya bugu. Numfashi yana yi masa wuya. Yanzu zuciya ta tsaya. Bismillah."

Muka fara. Wannan na danna ƙirji, wancan na hura iska, na ce a yi allura aka yi. Muka maimaita, muka sake maimaitawa, bugun zuciya bai dawo ba. Ɗakin ya yi tsit, irin shirun da na sani a ɗakunan mutuwa. Sai jikina ya yi abin da ya saba ba tare da ya shawarce ni ba. Na ɗaga hannu na ce a dakata. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sa yatsa zan rufe masa ido (idon roba ne, ya ƙi rufuwa, na sake gwadawa). Na ce wa nas ta kama mu karkata gadon ya fuskanci alƙibla, na ja mayafi na rufe shi har kansa.

Abin da ya fi ci mini rai, yaran nan babu wanda ya hana ni. Ganin furfurata, har wani ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Hadiza ta tako a hankali ta yaye mayafin. Ta ce, "Dakta, wa ya saurari ƙirjinsa?" Ta ɗora yatsa a gefen ƙirjin. "Iska ce ta taru a gefe guda ta matse zuciyar. Da an soka allura nan ta fita, da ya dawo. Saurayin nan bai mutu ba, rufe shi aka yi."

Can baya wani ya kasa riƙe dariya, ya ce, "To yanzu a ina za a yi zaman makokin Alhaji Roba?" Ɗaki ya fashe. Ni ma na yi yaƙe, amma gumi har cikin hulata. Ta kayar da ni, kamar yadda ya kamata.

Da na koma gida dariyar ba ta dame ni kamar maganarta ba. Na zauna bayan la'asar ina tuna fuskokin da na ja wa mayafi a tsawon aikina. Na san rai na Allah ne, ba na shakka. Amma na tambayi kaina, sau nawa na kira gajiyata tawakkali?

Ranar Asabar sai ga sallama. Hadiza ce da motarta a bakin lungu, ta rungumo Alhaji Roba kamar buhun masara (matan unguwa har leƙe suke ta katanga). Ta shimfiɗa shi a zaure, a daidai inda take zama da allonta. Ta ce, "Malam, biya mini dalilan da ke tsayar da zuciya waɗanda ake iya gyarawa." Na biya, na tsallake ɗaya. Ta ce, "Sake." Na sake. Ta ce, "Sake dai." Muryata na ji a bakinta, har yadda nake jan kalmar.

Haka ta yi ta zuwa har lokacin sake jarrabawa ya yi. Wannan karon ban ɗaga hannu ba sai da na bi kowane dalili ɗaya bayan ɗaya, Alhaji Roba kuma ya farfaɗo. Na tsira da sashena.

Da na je yi mata godiya na ce, "Hadizatu, da me zan saka miki?"

Ta ce, "Malam, kai ka fara. Ka jure mini a kan allo, na jure maka a kan roba. Mun yi ragas."

Har yau ni ake kira idan an zo gargara, kuma ina zuwa. Sai dai a asibiti na koya wa hannuna ya jira. Mayafi ba ya gudu, yana nan a gefen gado. Yaran kuma na ce musu, duk ranar da suka ga na miƙa hannu gare shi da wuri, su manta da furfurar nan su ce mini, "Malam, sake."