Hula Ƙasa da Hamsin

Har ranar nan, ni ne masanin lissafi a majalisarmu ta Badarawa, don kawai ina aiki a sashen kuɗi na wata ma'aikata.

Bayan la'asar Malam Sani mai wankin hula ya tambaye ni. Hula talatin yake wankewa kullum, kowacce naira ɗari biyu, sabulu da sitaci da haya suna cin dubu biyu. Hula nawa zai wanke ribarsa ta wuce ninki biyu?

Na gyara zama, na karɓi biro da takarda, na ce kowa ya yi shiru. Na rubuta x, na kai ta wancan ɓangaren, na raba, amma na manta ban juya alamar "ya fi" ba.

Na ce, "Ƙasa da hamsin."

Malam Sani ya ce, "Yallaɓai, ko goma?"

"Ko goma."

"To, in ban wanke ko ɗaya ba fa?"

Nan ya kamata in tsaya. Sai na dubi takardar, na ce da murya irin ta ofis, "A lissafance, ƙwarai kuwa."

Dariya ta sa wani dattijo ya ƙware da shayi. Amsar ashe sama da hamsin ce.

Yanzu duk wanda aka gani kwance a benci da rana tsaka, sai a ce kada a tashe shi, yana ninka riba ne bisa shawarata.