Rasuwar Koriyar Kula a Hanyar Yelwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, ni Malam Hammajoda, malamin firamare a Gwallaga, nake sanar da rasuwar koriyar kular abincinmu. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana bakin aiki.

Marigayiya mai riƙon amana ce. Tun aurenmu da Kubura take raka ni makaranta, ba ta taɓa kai mini tuwo da sanyi ba. Idan an buɗe ta sai ta ce "fusss", a hankali, kamar mai gudun tada barci. Da ciwon ciki ya kwantar da Kubura, marigayiya ce ta yi ta jigilar kunu zuwa asibiti.

Ga yadda ajalinta ya zo. Likitoci sun ga wani ƙari a bangon cikin Kubura, irin wanda ba a cika gani ba. Suka hana ta ci da sha, suka zura mata bututu ta maƙogwaro, suka sa allura suka tsinko nama kamar ƙwayar gero. Da shi za a gane ko ƙarin mai illa ne. Aka ba mu shi a 'yar kwalba mu kai ɗakin gwaji. Na naɗe kwalbar da auduga, na sa a cikin marigayiya.

Ƙanena Babayo ya karɓa don ya kai. Na roƙe shi ya hau keken haya mai ƙafa uku ya rungume kular a cinya. Ya ɗaure ta a bayan mashin da tsohuwar roba. A hanyar Yelwa ta faɗo, motar yashi ta bi ta kai. Kalmarta ta ƙarshe, in ji shi, "ƙwas" ce. Kwalbar ma ta bi ta lahira.

Yanzu Kubura za ta sake haɗiye bututu, ta sake shan allura, mu sake zaman jira.

Marigayiya ta bar murfi guda, da cokalinta, da Babayo, wanda ko ƙwarzane bai yi ba.

Ban taɓa dukan ɗalibi ba, ba kuma zan fara da ɗan'uwana ba. Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan La'asar, a bayan gida, inda ƙasa ta fi tauri. Ba a buƙatar kowa ya zo da diga ko shebur. Babayo ne zai haƙa kabarin, da cokalin marigayiya. Kubura za ta zauna a inuwa ta faɗi lokacin da zurfin ya isa.