Rasuwar Kwamfutata, da Roƙo a kan Marainiyar da Ta Bari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ba ni da inda zan sauke shi, ni Zayyanu mai buga takardu na bakin tashar jirgi, Ƙauran Namoda, ina sanar da jama'a rasuwar kwamfutata. Ta cika da hantsin Talata, ina zaune gabanta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiyar ba sabuwa ta zo mini ba. Daga Kano na ɗauko ta, ta riga ta yi zama a wani ofis da ban sani ba. Ni kuwa sai da na yi gemu na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka da yatsa ɗaya na fara taɓa ta. Ba ta taɓa yi mini dariya ba. In na yi kuskure, ta bari in goge. In na kunna ta da safe, ta ce ɗit, sau ɗaya, ta kama aikinta. In na sa mata fulofi, wato ɗan faifan aje rubutu, ta yi ƙurrr, ƙurrr, kamar mai gyaran murya.

Lokacin da aka samu sabuwar jiha kowa yana neman aiki, ita ta buga takardun mutanen Zurmi da Shinkafi, har da na Jangeru. Katin ɗaurin aure, sanarwar wa'azi, jarrabawar 'yan firamare, ba ta zaɓe. Da aka ƙaddamar da Shari'a na goge wasan kartar da ta zo da shi a ciki, ta ci gaba da aikinta.

Aibinta ɗaya ne, in aibi ne: bisa akwatinta akwai ɗumi.

Wanda ya gano wannan ɗumi wani dattijo ne da bakina ba ya iya kama sunansa, wato mahaifin maiɗakina. Kullum in ya fito da safe yakan biyo ta shago da kofin kununsa, ya zauna a benci, ni kuma in durƙusa in gaishe shi, in koma in sunkuyar da kai. Wata rana ya ɗora kofin bisa akwatin. Da ya sauke ya kurɓa, sai ya ce wa na kusa da shi, "Wagga aba da albarka take. Kunu bai hucewa bisanta."

Tun daga ranar nan wurin ya zama murhunsa.

Jama'a su shaida ban zauna haka nan ba. Na tara takardu a wurin, ya kwashe su a hankali ya aje gefe, don kada su ɓaci. Na sa kafinta ya yi masa ɗan tebur, ya taɓa ya ce sanyi gare shi. Na sayi fulas na aika masa gida, ya yi ta sa albarka, ya ce ya fi ƙarfin kunu, aka adana shi don baƙi. Na roƙi maiɗakina Turai ta yi masa magana, ta ce, "Malam, ni ɗiyar fari? Ni da ko sunana bai kamawa? Kai da kake ganin shi kullum, ka hwaɗa mishi mana." Ta san sarai ba zan iya ba. Suruki ne. Ko tari ba na yi da ƙarfi a gabansa.

Ranar Talatar yana ba da labarin gero na bana, ya ɗaga hannu zai nuna tsawon zangarniya, hannun riga ya kwashi kofin. Kunun tsamiya ne, mai kauri. Ya bi ta baya, ta ramin fanka. Marigayiyar ta ce fat. Gilashinta ya yi baƙi, shago ya ɗauki ƙauri. Shi kuwa ya leƙa kofin ya ce, "Ashe ba rabona ba ne." Ni na ce, "Sannu, Baba."

Muhtari mai gyara ya buɗe cikinta, ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni ko a kicin nake aje ta. Mun kai ta Gusau, can ma suka ce mu yi haƙuri.

Ta rasu ta bar kibod wanda wasu haruffansa suka goge, da mawus, da kwalin fulofi da babu mai karanta su yanzu, da tsohuwar tafiretar da nake buga wannan sanarwa da ita. Ta kuma bar ƙanwarta, na'urar hotokofi, wadda ita kaɗai ke ciyar da gidana a halin da ake ciki.

A kan wannan marainiya nake roƙo. Dattijon shi ya fara zuwa ta'aziyya, Allah ya saka masa. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce kowane mai rai mamaci ne. Da zai tashi ya dafa murfin hotokofin, ya ɗan tsaya, ya sake dafawa, ya ce, "A'a, wagga ma da ɗumi." Na ce, "Haka ne, Baba."

Game da jana'iza, babu wanka, babu salla. Za a naɗe ta cikin kwalinta a ɗora bisa kabad bayan la'asar ɗin Juma'a, sai abin da Muhtari ya cire don amfanin masu rai. Ana karɓar gaisuwa a shago. Mai zuwa ya zo hannu sake, kada a kawo kunu, ko fura, ko shayi.

Duk wanda zai bi ta Banga, don Allah ya karanta wa Baba Musa wannan takarda. Shi taubashin dattijon ne, shi kaɗai ke iya faɗa masa magana a yi dariya a wuce. A ce wa Baba Musa ya hanzarto. Na kashe hotokofin tun jiya don ta huce, mutane na zuwa ina cewa ita ma tana makoki, amma ranar kasuwa dole in kunna ta. Kuma na ji an ce an saya wa surukin nawa sabon kofi, ya fi wancan girma.