Na Goya Malam Zuwa Tahaggart

Ana gobe zaɓen shugaban 'yan Nijar mazauna Tamanrasset ta Aljeriya, ni ma ina takara, na miƙe gaban 'yan'uwana leburori na ce, "Mulki tuƙin babur ne. Ka gwada birki, ka riƙa waiwayar wanda ka goya." Aka tafa.

Sai na ce zan kai limaminmu, Malam Isufu, gida a babur, don wanda ya nuna ake zaɓa. Ina ta zuba masa alkawura har unguwarsu Tahaggart, bai tanka ba.

"Malam, ko na yi laifi?"

Na waiwaya, ba kowa. Na juyo ina leƙa ramuka ko ya faɗa. Ashe bai gama addu'ar hawa ba na ja babur.

Na sha ƙasa a zaɓen. Har yau, ko a ƙafa nake, sai an tambaye ni, "Shugaba, ina Malam?"